Yawon Ranar Jarumai a Surabaya: Jagoran Ya Fitar da Ni Kunya, Kamfanin Ya Bar Baya da Ƙura

Na yi shekaru ina zuwa Indonesiya saro yadi da kayan sawa, amma sanin da na yi wa ƙasar bai wuce filin jirgin saman Jakarta da masaukina da benayen kasuwar Tanah Abang ba, inda 'yan kasuwarmu na Afirka ta Yamma suke ɗaure dila su auna su kama hanyar gida. A wata tafiya da na yi cikin watan Nuwamba ne ɗan yayana, wanda yake karatu a birnin Malang da ke gabashin tsibirin Jawa, ya matsa mini lamba cewa lallai in ware kwana biyu in ga wani abu ban da farashin kaya. Ya ce mu haɗu a Surabaya, birni na biyu a girma a ƙasar, domin ranar 10 ga wata ita ce Hari Pahlawan, wato Ranar Jarumai, kuma a can ne aka yi yaƙin kare 'yancin ƙasar na 1945 da ya sa aka keɓe ranar. Shi ne ya nemo wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido da ke tallata zagayen wuni guda a wuraren da abin ya faru, ni kuma na biya mana kujeru biyu. Wannan rubutu bayani ne kan abin da kuɗin nawa ya saya, domin amfanin duk wanda hanya za ta bi da shi ta can.

Ciniki ta waya aka yi shi, kuma ba ni da abin cewa game da wannan ɓangare, domin sun amsa saƙo cikin hanzari, sun aiko da jadawali a rubuce cikin Turanci, sun karɓi rabin kuɗi a matsayin kafin alƙalami, suka aiko da rasit. Abin da suka yi alkawari shi ne ƙaramar bas mai na'urar sanyi, da jagora mai jin Turanci, da abincin rana, da kuɗin shiga duk inda ake biya, da ruwan sha, sannan za a ɗauke mu a ƙofar masauki da ƙarfe 7 na safe a fara da Tugu Pahlawan, hasumiyar jarumai da ke tsakiyar gari, domin mu ga taron tunawa da idonmu. Kuɗin mutum ɗaya bai kai na kwana guda a matsakaicin otal na birnin ba, don haka ban yi tayi ba, abin da ba halina ba ne.

Motar ba ta iso ba sai ƙarfe 8 saura kwata. Babu wanda ya kira ya ba da haƙuri, kuma da ɗan yayana ya kira ofishinsu sai aka ce masa tana kan hanya, amsar da kowane ɗan Nijeriya ya san fassararta. Abin da kamfanin bai yi la'akari da shi ba, ko kuma ya sani ya ƙi faɗa, shi ne Ranar Jarumai ba ranar hutu ba ce. Dokar shugaban ƙasa mai lamba 316 ta shekarar 1959 ta sanya ta cikin ranakun ƙasa da ake girmamawa ba tare da rufe ofisoshi da makarantu ba, saboda haka titunan Surabaya cike suke da babura da motocin ma'aikata kamar kullum, ga kuma ƙarin 'yan makaranta da aka yi wa shigar mayaƙan 1945, da kaki da jan ƙyalle mai ratsin fari ɗaure a goshi. Sannan filin hasumiyar da aka ce za mu fara da shi yana hannun hukuma da safiyar ranar, wanda ba shi da katin gayyata ba ya wuce shinge. Kamfanin da ke sayar da tikiti da sunan wannan rana ya kamata ya san haka kamar yunwar cikinsa.

Sai dai makarar ta jawo mini ganin abin da ban biya kuɗinsa ba. A duk faɗin ƙasar, da ƙarfe 8 da minti 15 na safiyar ranar, ana yin shiru na daƙiƙa 60 domin tunawa da waɗanda suka mutu. Lokacin ya riske mu a wata mararraba, muna maƙale a cunkoso. Ɗan sandan da ke ba da hannu ya tsayar da kowane ɓangare ya ƙame, direbanmu ya kashe mota ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, wani mai babur da ke gefen tagata, wanda ya ɗauro kwandunan ƙwai har sun fi shi tsawo, ya sauke ƙafa ɗaya ya sunkuyar da kai yana motsa leɓe, ina kyautata zaton Fatiha yake karantawa. Ba kowa ne ya tsaya ba, domin can nesa ina jiyo hon, amma a kusa da mu titin ya yi tsit har ina jin ƙarar fitilar ba da hanya ta motar da ke gabanmu. Da minti ɗaya ya cika sai ɗan sandan ya busa usur, mai ƙwai ya ba babur ɗinsa wuta, gari ya koma hayaniyarsa.

A nan ne jagoranmu ya nuna cewa ya san aikinsa. Dattijo ne siriri, tsohon malamin makarantar sakandare da ya yi ritaya, Turancinsa a hankali amma a tsare, kuma da ya ga hulata ya ji an ce daga Nijeriya nake sai ya riƙa kirana Pak Haji, kamar yadda suke girmama wanda ya sauke farali. Mu tara ne a motar, har da wasu tsofaffi mata da miji daga Holan da kuma ɗalibai biyu 'yan Malesiya. Bai ɓoye mana cewa jadawalin ya rushe ba. Ya ce tun da hasumiyar ba za ta shigu da safe ba, zai bi da mu wuraren ne daki-daki yadda abubuwan suka faru a 1945, mu ƙare a inda yaƙin ya ƙare. Daga baya na gane cewa wannan tsari ya fi na kamfanin nesa ba kusa ba, domin wanda aka fara kai shi hasumiya ya ga dogon ginshiƙi ne kawai, bai san dalilin gina shi ba.

Mun fara da Otal ɗin Majapahit da ke kan titin Tunjungan, farin gini na zamanin Turawa wanda iyalan Sarkies, 'yan asalin Armeniya, suka kafa a 1910 da sunan Oranje. Da Japan ta mamaye ƙasar a 1942 sai ta sauya masa suna zuwa Yamato. Jagoran ya tsayar da mu a tsallaken titi, inda ake hango sandar tutar da ke saman ginin, ya shimfiɗa mana labarin. Japan ta miƙa wuya a ranar 15 ga Agusta, 1945, bayan kwana biyu Sukarno da Mohammad Hatta, waɗanda suka zama shugaban ƙasa na farko da mataimakinsa, suka shelanta 'yancin Indonesiya a Jakarta, amma Holan, wadda ta shafe ƙarnoni tana cin arzikin tsibiran, ba ta ɗauki shelar da wata daraja ba. A cikin watan Satumba wasu 'yan Holan a ƙarƙashin wani mai suna Ploegman suka ɗaga tutarsu a saman otal ɗin. Ranar 19 ga wata jama'ar gari suka yi dafifi a ƙofa, wakilin sabuwar gwamnati ya shiga ya nemi a sauke ta aka ƙi, rikici ya kaure, Ploegman ya rasa ransa, matasa suka hau rufin suka sauko da tutar. Tutar Holan launi uku ce, ja da fari da shuɗi, ta Indonesiya kuma ja da fari, don haka suka yage shuɗin suka mayar da ragowar sama. Jagoran ya zaro wata ƙaramar tuta daga aljihu wadda aka ɗinka mata shuɗin da maɓalli, ya ɓalle shi a gabanmu. Dabara ce ta malamin aji, kuma ta yi aiki, domin har tsohuwar nan ta Holan sai da ta yi murmushi. Ma'aikatan otal ɗin sun bar mu mun leƙa farfajiyarsa cikin mutunci ko da yake ba baƙinsu ba ne, kuma wurin a tsaftace yake, da lambuna a tsakiyar gine-ginen.

Zango na biyu shi ne ya fi taɓa ni, kuma ba ya ma cikin jadawalin kamfanin, jagoran ne ya ƙara shi da ya ga yawancinmu Musulmi ne. Wani tsohon gini ne a cikin lungu a unguwar Bubutan, inda malaman ƙungiyar Nahdlatul Ulama na tsibiran Jawa da Madura suka taru suka fitar da matsayar da ake kira Resolusi Jihad a ranar 22 ga Oktoba, 1945, a ƙarƙashin jagorancin Shehu Hasyim Asy'ari na makarantar Tebuireng da ke Jombang. Hukuncin da suka yanke shi ne kare 'yancin ƙasar farilla ce a kan kowane baligi da ke zaune a cikin tazarar kilomita 94 daga inda abokan gaba suka sauka, waɗanda suka fi haka nisa kuma farillar ta zama ta wasu su ɗauke wa wasu. Da na ji adadin sai na tambaye shi ko daga tazarar ƙasaru aka ɗauko shi, ya dube ni da mamaki ya ce haka ne, kuma a shekarun da ya yi yana wannan aiki baƙi kaɗan ne suka gane hakan da kansu. Na ce masa duk wanda ya zauna gaban malami a zaure a Kano zai gane. Wannan fatawa ce ta kwararo da almajirai daga makarantun kwana na ƙauyukan gabashin Jawa zuwa Surabaya, kuma tun daga 2015 gwamnati ta mayar da 22 ga Oktoba Ranar Almajirai ta ƙasa, wadda suke kira Hari Santri.

Daga nan muka nufi arewacin gari, tsohuwar unguwar Turawa, zuwa Jembatan Merah, wato Jar Gada, a kan kogin Kalimas. Gadar kanta ba ta da wani abin burgewa, ƙarfe ne da aka shafa wa jan fenti, motoci suna ta wucewa, amma jagoran ya shafe kusan sa'a guda a wurin ba wanda ya gaji. Abin da ya fara warware mana shi ne ruɗun da yawancin baƙi ke zuwa da shi, har da ni: ba da sojojin Holan aka gwabza a Surabaya ba, da na Birtaniya ne, kuma akasarinsu Indiyawa ne. Birtaniya ce aka ɗora wa alhakin karɓe makaman Japan da sako fursunonin yaƙi a yankin, sai ta sauke birged ta 49 ta sojojin Indiya, kimanin mutum 6,000, a tashar jiragen ruwa ta Tanjung Perak ranar 25 ga Oktoba a ƙarƙashin Birgediya Mallaby. Mutanen gari suna zargin cewa share wa Holan hanya suka zo yi, kuma zargin ya ƙarfafa ranar 27 ga wata da jirgin sama ya watso takardun da ke umartar kowa ya miƙa makaminsa. Faɗa ya ɓarke, aka yi wa sojojin ƙawanya a wurare daban-daban har sai da aka ɗauko Sukarno da Hatta daga Jakarta suka zo suka ƙulla yarjejeniyar tsagaita wuta. Da yammacin 30 ga Oktoba Mallaby ya fita zagaye domin sanar da yarjejeniyar, aka tare motarsa a gaban ginin Internatio, wanda har yanzu yana nan tsaye kusa da gadar, harbi ya tashi, aka kashe shi, gurneti ya ƙone motar.

Na yaba wa dattijon nan da bai yi mana ƙarin gishiri ba. Ya ce har yau ba a daddale wanda ya kashe Mallaby ba, ya kawo abin da Birtaniya ta faɗa a lokacin, cewa kisan gilla ne da keta yarjejeniya, ya kuma kawo bayanin da ɗan majalisar Birtaniya Tom Driberg ya yi a 1946, cewa sojojin Indiya da ke cikin ginin ne suka buɗe wuta saboda layin sadarwarsu ya yanke, umarnin tsagaita wutar bai iso musu ba. Abin da ya fi wannan, ya juya ga tsofaffin nan biyu ya faɗa a gaban kowa cewa a watan Oktoban nan matasan gari sun kashe fararen hula 'yan Holan da ruwa-biyu da ba su ji ba ba su gani ba, musamman a kulob ɗin Simpang, ginin da yanzu ake kira Balai Pemuda, kuma ba za a ce an ba da tarihin ranar ba idan aka tsallake wannan. Tsohon nan ɗan Holan ya ce mahaifiyarsa tana cikin matan da aka kwashe daga birnin a lokacin, abin da ya kawo shi ke nan. Na sha bin masu rakiya a ƙasashe daban-daban, yawancinsu kirari suke yi wa garinsu, ban taɓa ganin wanda ya faɗi laifin nasa a ranar bikin nasa ba sai wannan.

Ya kuma gyara mana wata magana da ta shahara, cewa da gora mai tsini aka yaƙi tankoki. Gorar gaskiya ce, har hasumiya aka gina mata a birnin, amma ya ce a farkon Oktoba mutanen Surabaya sun riga sun ƙwace ko sun karɓi bindigogi masu ɗimbin yawa daga rumbunan Japan, har da manyan bindigogi da motocin sulke, kuma wannan ne ya sa birnin ya iya tsayawa yadda sauran garuruwa ba su iya ba. Abin da suka rasa shi ne horo. Bayan mutuwar Mallaby Birtaniya ta kawo runduna ta 5 ta sojojin Indiya a ƙarƙashin Manjo Janar Mansergh, wanda ranar 9 ga Nuwamba ya ba da wa'adin cewa zuwa ƙarfe 6 na safiyar washegari kowa ya ajiye makami, shugabanni kuma su fito hannuwa a sama. A daren ne Gwamna Suryo ya shiga rediyo ya ce ba za su bi ba. Da gari ya waye aka fara ruwan wuta daga jiragen ruwa da jiragen sama da igwa.

Sallar azahar a masallacin Sunan Ampel muka yi ta, a unguwar Larabawa, kusa da kabarin malamin da ya rayu a ƙarni na 15 wanda yake cikin waliyyai tara da ake jingina wa yaɗa Musulunci a Jawa. Jagoran ya ba mu isasshen lokaci, ya zagaya da waɗanda ba sa salla cikin rumfunan dabino da turare. Abincin rana kuma a wani ƙaramin gidan abinci aka ba mu, kuma a nan ma kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Rawon suka kawo, miyar naman sa baƙa wuluk wadda ake ci da shinkafa da ƙwai mai gishiri da yajinsu na sambal. Baƙin nata daga wani ƙwallo ne da ake kira keluak, wanda yake da guba idan ɗanye ne, sai an dafa shi an binne shi cikin toka na tsawon makonni kafin ya ciwu. Na yi ɗari-ɗari da ita da farko, ɗan yayana ya ce, «Baffa, ka rufe ido ka ɗanɗana, ɗiyar daddawa ce.» Bai yi ƙarya ba, tana da wannan nauyi na daddawa a bayan harshe, naman kuma ya dahu luguf. Sai da na nemi ƙari.

Daga nan ne kamfanin ya sake sa mana hannu a ido. Maimakon mu wuce hasumiyar, direban ya karɓi kira daga ofis ya karkata da mu zuwa wani kantin tsaraba da ba a ambata a jadawali ba, aka ce minti 20 ne, muka shafe fiye da sa'a guda. Jagoran ya tsaya a waje yana duban agogo, a fuskarsa kaɗai za ka gane cewa ba da son ransa ba ne, kuma ba sai an gaya wa ɗan kasuwa cewa akwai la'ada a tsakanin mai kanti da mai kamfani ba. Da a ce kayan na ƙwarai ne da da sauƙi. Yarinyar kantin ta shimfiɗa mini wani yadi ta ce batik ne na zanen hannu, ta faɗi kuɗin da zai sayi turmi uku. Na juya bayansa na ga ya yi fari-fari, alhali batik na gaske da aka zana da narkakken kaki aka tsoma a rini launinsa yana ratsa yadin gaba da baya, zanensa ba ya maimaita kansa daidai wa daida, kuma yana da ɗan ƙanshin kaki. Wannan bugun inji ne. Na nuna mata cikin lalama, ta yi dariya ta ɗauko na gasken daga ƙasan kanta. Na ɗan tsaya ina dubansa, domin wannan sana'a ta mutanen Jawa ce masana'antun Holan suka kwaikwaya da inji a ƙarni na 19, kayan ba su karɓu a wurin masu abin ba, suka sami kasuwa a gaɓar Afirka ta Yamma, kuma jikarsa ce atamfar Holan da muke sakawa a lefe a yau. Amma ba darasin atamfa na biya kuɗi in ji ba, ina da shi a Kantin Kwari.

Sakamakon haka mun isa Tugu Pahlawan rana ta yi sanyi, an kusa rufe gidan tarihin da ke cikin filin. Hasumiyar tana da tsawon mita 41 da ɗoriya, siffarta kamar ƙusa da aka kifa, jikinta yana da kwari 10 a tsaye da gaɓoɓi 11, wato ranar 10 ga wata na 11. Sukarno ne ya buɗe ta a ranar 10 ga Nuwamba, 1952, a kan filin da babbar kotun Holan take a da, ginin da 'yan sandan soja na Japan suka mayar wurin azabtar da mutane kafin yaƙin ya rusa shi. A ƙofar shiga akwai mutum-mutumin Sukarno da Hatta a tsakanin ginshiƙai da aka gina kamar kufai. Furannin taron safe suna nan a jere ba su bushe ba. Gidan tarihin kuwa a ƙarƙashin ƙasa yake, rufinsa na gilashi mai siffar dala ne kaɗai ya leƙo waje, an yi haka ne domin kada ya tare wa hasumiyar fuska, kuma Shugaba Abdurrahman Wahid ne ya buɗe shi a shekarar 2000, wanda jika ne ga Shehu Hasyim Asy'ari mai fatawar nan. Minti 25 muka samu a ciki. Jagoran ya yi iya ƙoƙarinsa, yana tafe yana magana kamar mai gudun ruwan sama, ya nuna mana bindigogi da taswirori da ƙananan siffofin yaƙin a cikin akwatunan gilashi, ya gaya mana cewa Birtaniya ta zaci kwana uku za su ishe ta amma sai da aka shafe kusan mako uku ana fafatawa gida-gida, cewa ƙiyasin 'yan Indonesiyan da suka mutu yana tsakanin 6,000 da 16,000, kuma a ƙarshe birnin ya faɗa hannun Birtaniya. Ranar da suke girmamawa ranar yaƙin da aka ci su ne. Ribar da suka samu ita ce duniya ta gane cewa jamhuriyar ba ta takarda ba ce, Birtaniya ta janye sojojinta daga ƙasar kafin ƙarshen 1946, Holan kuma ta ci gaba da yaƙi har sai da ta miƙa mulki a ranar 27 ga Disamba, 1949. Yana cikin wannan bayani mai gadi ya fara kashe fitilu.

Da daddare na rubuta wa kamfanin ƙorafi a kan abubuwa uku, makarar safe, da alkawarin taron da suka san ba zai yiwu ba, da kantin da ya cinye lokacin gidan tarihi. Amsar da suka aiko mai ladabi ce, amma ba su mayar da ko sisi ba, rangwame suka yi mini alkawari idan na sake bin su, kamar Surabaya bayan gidana take. Motarsu dai tsaf take, sanyinta yana aiki, direban yana tuƙi da hankali, ruwan sha bai yanke ba, ba zan ci haƙƙinsu a kan waɗannan ba. Wanda zai je, shawarata ita ce ya nemi jagora mai lasisi kai tsaye ya yi jinga da shi, su ɗauki mota ta manhajar Grab ko Gojek daga wuri zuwa wuri, domin duk wuraren ba su da nisa da juna, kuma idan ya ga dole sai ta hannun kamfani, ya sa a rubuta masa cewa babu tsayawa a kanti. Idan gidan tarihin ne babban burinsa, kada ya zaɓi ranar 10 ga wata kanta. Dattijon nan kuwa na ba shi tukuici da hannuna, ya karɓa da hannu biyu, ya dafa ƙirji, ya ce in yi masa addu'ar zuwa Makka.

Washegari da safe, kafin jirgin ƙasan da zai mayar da ni Jakarta, ni da ɗan yayana muka koma gidan tarihin mu kaɗai, muka biya kuɗin ƙofa da bai taka kara ya karya ba. Abin da na koma dominsa shi ne muryar Sutomo, wanda suke kira Bung Tomo, ɗan jarida mai shekara 25 da ya riƙa zaburar da mayaƙa ta wani gidan rediyon sa-kai. Gidan da ya yi amfani da shi a titin Mawar an rushe shi a 2016, abin da ya tayar da ƙura a birnin, shi kansa kuma ya rasu a Arfa yana aikin hajji a 1981, ba a ba shi lambar Jarumin Ƙasa ba sai a 2008. Akwai wani wuri a ciki da ake kunna jawabinsa, ga tsohuwar rediyo a gefe. Muka zauna, sautin yana shashsheƙa irin na tsohon faifai, yaron yana fassara mini jimla bayan jimla da ƙaramar murya. Ya kira matasan kowace ƙabila da ke zaune a Surabaya, na Maluku da Sulawesi da Bali da Kalimantan da Sumatra, ya karanta musu sharuɗɗan Birtaniya, sannan ya ce muddin suna da jan jinin da zai rina farin ƙyalle ya zama ja da fari, ba za su miƙa wuya ga kowa ba. Da ya zo ƙarshe sai yaron ya yi shiru, domin kabbara uku ce ba ta bukatar tafinta. Wasu 'yan firamare da malamarsu ta shigo da su suka amsa da ƙarfi har rufin gilashin ya ɗauka, malamar tana ta yi musu alamar su rage murya. Ɗan yayana ya taɓa ni ya nuna mini agogo, ya ce, «Baffa, jirgin nan ba irin motar jiya ba ne, ba ya jiran kowa.» Muka ɗauki jakunkuna muka nufi tashar Pasar Turi.